Wace Beyar Za A Kashe?

Akwai wata dabba wadda mu ke jin sunanta a majami'a tun muna yara, amma yawancinmu ba mu taɓa ganinta da ido ba, watau beyar. Dauda ya faɗa wa Saul yadda ya yi da ita sa'ad da ya ke kiwon tumakin ubansa. Cikin 2 Sarakuna sura 2 akwai labarin beyar biyu mata da suka fito daga kurmi a hanyar Betel, a zamanin Elisha. Annabi Amos kuma ya ba da misalin mutumin da ya tsere wa zaki sai ya yi karo da ita. Mu ba mu da ita a dajinmu. Ba ta kuwa a dajin ko'ina cikin Afirka yanzu, gama wadda ta zauna a duwatsun Atlas na arewacin nahiyarmu ta ƙare tun ƙarni na 19. Har ƙasar da Dauda ya yi kiwo ma ta rasa tata a farkon ƙarni na 20.

Dabba ce babba, mai gashi da yawa, mai farata masu tsawo. Babban namiji ya kan wuce kilo 300, watau ya fi buhu uku na masara nauyi, duk da haka a ɗan taƙaitaccen wuri ya kan yi gudun da ya kai na kilomita 50 a awa guda. Ba mutumin da zai tsere masa a ƙafa. Abin mamaki shi ne, yawancin abincinta ba nama ba ne. 'Ya'yan itatuwa ta ke ci, da saiwoyi, da ciyawa, da tururuwa, da zuma in ta samu. Da kaka ta kan ci ba ƙaƙƙautawa domin ta tara kitse, sa'an nan ta shiga rami ta kwanta dukan watannin ɗari. A cikin ramin nan ta ke haihuwa, 'ya'ya biyu ko uku, kowanne wajen rabin kilo kaɗai, su kan kuma bi uwarsu kamar shekara biyu. Uwa mai 'ya'ya ita ce abin tsoro. Marubucin Karin Magana ya san wannan, domin ya yi misali da ita a sura 17 sa'ad da ya ke maganar wawa.

Ƙasar da na ke so in ba ku labarinta ita ce Romaniya, a gabashin Turai. Yawancin mutanenta Kirista ne na Ekklesiyar Otodoks. Duwatsun Karfatiya sun ratsa tsakiyarta, suna lulluɓe da kurmi, kuma in aka ɗauke Rasha, ba ƙasar da ta kai ta yawan beyar a Turai.

A ranar 9 ga Yuli, 2024, wata budurwa mai shekara 19 tana hawan dutse a duwatsun Buceji, a wata hanya da baƙi su ke bi kullum, sai beyar ta kama ta, ta ja ta cikin kwazazzabo. Da masu ceto suka sauka, suka tarar ta riga ta rasu. Beyar ɗin ta tasam musu su ma, aka harbe ta. Hankalin ƙasar duka ya tashi. 'Yan majalisa suna hutu, aka kira su, ranar 15 ga watan suka amince a harbe beyar 481 a shekarar. A shekarar da ta gabata 220 aka yarda a harbe. A lokacin ma'aikatar muhalli ta ce cikin shekara 20 beyar sun kashe mutum 26, sun yi wa 274 mummunan rauni, a 2023 kaɗai kuwa an buga wa layin gaggawa waya wajen sau 7,500 a kan an ga beyar kusa da mutane.

Bari in faɗi inda zuciyata ta ke tun da wuri. Ina tare da mutanen ƙauye. Na girma a gidan noma, na san abin da a ke nufi da kwana a gona ana gadin masara domin birai. Na ga fuskar mahaifiyata ranar da kura ta ɗauke akuyar da za a sayar a biya kuɗin makaranta. Manoman da su ke gefen gandun dajin Yankari sun san yadda giwaye su ke mayar da aikin damina guda banza cikin dare ɗaya. Wanda bai taɓa yin irin wannan asara ba, da sauƙi ya ce dabbar Allah ce, a bar ta. A Romaniya makiyaya su kan hau da tumakinsu bisa duwatsu da bazara, su kwana a bukkoki da manyan karnuka, kunne a buɗe har wayewar gari. Masu kiwon zuma su kan tashi su tarar an farfasa amya. A waɗansu ƙauyuka iyaye ba su barin yara su tafi makaranta su kaɗai. Doka ta ce a biya diyya, amma mutane suna kukan cewa takardu sun yi yawa, kuɗin kuma ya kan makara. Sa'ad da mazauna manyan birane, waɗanda ba su da ko tinkiya guda, su ke koya wa irin waɗannan mutane tausayin dabba, ban ga laifin makiyayi ba in ya yi fushi. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Littafi Mai Tsarki ma bai daidaita ran mutum da na dabba ba. A Farawa sura 9, bayan ruwan tsufana, Allah ya nuna wa Nuhu cewa zai nemi hakkin jinin mutum har a wurin dabba, domin an yi mutum cikin siffarsa. Saboda haka ba ni da gardama a kan harbe beyar da ta kashe budurwar nan. Da an harbe ta tun kafin ranar, da ya fi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lambar nan, 481. Na yi ta tambayar kaina: a cikin 481 ɗin, guda nawa ne waɗanda su ke shiga gari? Domin amsa wannan, sai mun koma baya kaɗan.

Wajen 1950 beyar ɗin Romaniya ba su kai dubu ba. Sa'an nan Nikolaye Cawshesku ya mallaki ƙasar daga 1965 zuwa 1989. Mutum ne mai son farauta, mai son a ce ba wanda ya kai shi. Ya hana kusan kowa harbin beyar sai shi da manyan baƙinsa. Ma'aikatan daji suka riƙa zuba wa dabbobin abinci a wurare na musamman domin su yi ƙiba, su kuma saba zuwa inda shugaba zai same su daga rumfarsa ba wahala. A shekarun da talakawa su ke layin burodi da man girki, ana ciyar da beyar a kurmi. Kafin mulkinsa ya faɗi a Disamba 1989, yawansu ya kusa 8,000. Bayansa farauta ta zama ciniki. Masu kuɗi daga ƙasashen waje suna zuwa suna biyan dubban Yuro domin fata da ƙoƙon kai, ana harbe ɗaruruwa kowace shekara, har 2016 da gwamnati ta hana wannan irin farauta. Daga nan gardama ta kafu. Maharba da mutanen karkara suka ce hanin ne ya sa beyar suka yi yawa har suka raina mutum. Masu kare dabbobi suka ce ai ba wanda ya san yawansu ma, gama da sawun ƙafa a kan laka da dusar ƙanƙara a ke ƙidaya su, masu ƙidayar kuwa su ne ƙungiyoyin maharba, waɗanda yawan lambar ya ke amfana.

An raba wannan gardama a Afrilu 2025. Bayan an tattara gashi da kashin beyar sama da 24,000 daga kurmi an yi musu gwajin ƙwayoyin halitta, gwamnati ta ce akwai tsakanin 10,419 da 12,770. A da wajen 8,000 a ke zato. Ministan muhalli na lokacin ya ce wajen 4,000 ne ya dace da ƙasar. A nan dole a ba maharba gaskiyarsu: dabbobin suna da yawa, sun ma fi yadda su kansu su ke faɗa. Ban ga zunubi a rage su ba. Wanda aka ba gona ya lura da ita, kamar yadda aka ba Adamu a Farawa sura 2, ya kan yi shuka, ya kan kuma yi cira.

Amma ga inda maganar ta ke da wuya. Masu binciken halin beyar sun daɗe da lura cewa manyan maza su ne su ke mallakar tsakiyar kurmi, inda abinci ya fi yawa, mutane kuma ba su cika zuwa ba. Babban namiji ya kan kashe 'ya'yan da ba nasa ba, domin uwarsu ta sāke karɓar namiji. Saboda wannan uwaye masu 'ya'ya, da matasan da aka yaye ba da daɗewa ba, su kan matso gefen ƙauye, inda babban ba ya son zuwa. Su ne a ke gani a juji da lambuna. To, maharbin da ya biya kuɗi mai yawa, wace ya ke so? Ba ya son 'yar ramammiyar da ta ke tonon shara a bayan otal. Babban ya ke so, mai faɗin kai, wanda fatarsa za ta cika bango. Wannan kuwa shi ne wanda bai dami kowa ba.

An ga haka a fili a Maris 2021, a gundumar Kovasna. Wani manomi ya yi kukan wata beyar mace da ta ke masa ɓarna, aka ba da takardar izinin harbe ta. Wanda aka harbe kuwa wani ƙaton namiji ne mai shekara wajen 17, da a ke kira Arthur, wanda masu lura da dajin suka ce bai saba zuwa kusa da gidaje ba. Ƙungiyoyin kare dabbobi ne suka tona maganar, aka kuma zargi wani ɗan sarauta daga wata ƙasar Turai da harbin. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Takarda ta nuna an kashe beyar guda, lamba ta cika, amma wadda manomin ya yi kuka a kanta ba ita ce ta mutu ran nan ba.

Na sāke karanta 1 Sama'ila sura 17 da wannan a zuciyata. Dauda bai ce ya shiga jeji yana neman beyar mafi girma domin a yabe shi ba. Wadda ta zo ta ɗauki ɗan rago daga garken, ita ya bi. Ya ƙwace ɗan ragon, da ta juyo masa ya kashe ta. Ya san wadda ya ke nema, bai kuwa jira wata uku ana rubuce-rubuce ba. A ganina duk dokar da za ta yi amfani sai ta haɗa waɗannan biyu, sanin wadda ta yi laifi da kuma hanzari. Romaniya ta ɗan kama wannan hanya a Yuli 2021, sa'ad da aka ba magajin gari iko, tare da jami'an tsaro da likitan dabbobi da maharbi, su kori beyar da ta shigo gari, ko su sa mata allurar barci su kai ta nesa, ko su kashe ta in ya zama dole, ba sai an jira izini daga Bukarest ba. Wannan ya fi mini ma'ana a kan wata babbar lamba da aka yanka cikin kwana shida, ƙasa tana cikin makoki.

Akwai kuma tambayar da ta fi wannan nauyi ga mai bi. Wa ya koya wa beyar zuwa wurin mutum?

A Fitowa sura 21 akwai shari'ar sa mai tunkuyi. In sa ya kashe mutum, za a kashe san, mai shi kuwa ba shi da laifi. Amma in an san san da tunkuyi tun dā, an kuma gargaɗi mai shi, bai tsare shi ba, to, alhakin jinin ya hau kan mai shi. Shari'ar ba ta tsaya ga dabbar ba, ta bi sawu har wurin mutumin da ya sani ya yi sakaci. Beyar ba ta da mai ita, gaskiya ne. Amma akwai masu hannu a halinta.

Akwai wata hanyar mota da a ke kira Transfagarashan, wadda aka gina daga 1970 zuwa 1974, ta ratsa duwatsu tana hawa har sama da mita 2,000. Baƙi suna zuwa daga ko'ina domin kyanta. A gefen wannan hanya beyar su kan zauna a bakin kwalta kamar masu bara, suna jiran mota. Mutane su kan tsaya, su buɗe taga, su jefa musu tuffa da burodi da biskit, su ɗauki hoto su sa a Facebook. Doka ta hana, akwai tara, amma ba a daina ba. Uwa ta kan kawo 'ya'yanta bakin hanyar, su tashi ba su san wani abinci ba sai na hannun mutum. A birnin Brashov kuma, shekaru da yawa, mutane su kan taru da dare a wata unguwa da ta ke gindin dutse domin kallon beyar suna cin shara a mazubin unguwar, kamar masu kallon wasa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dabbar da ta daina tsoron mutum, ta kuma ɗauka kowane mutum yana riƙe da abinci, ranar da ta zo ba a ba ta ba, me za ta yi? A farkon Yuli 2025 wani baƙo ɗan Italiya ya tsaya da babur ɗinsa a wannan hanya, kusa da wata beyar mace. Ta kashe shi. Aka tarar da hotunan da ya ɗauka daf da dabbobin a wayarsa. Ita ma aka harbe ta. Ban faɗi wannan domin in zargi mamaci ba. Ɗaruruwan mutanen da suka tsaya a wurin kafin shi, suka jefa abinci suka wuce lafiya, su ma suna da hannu, ko da ya ke ba wanda zai kira sunansu.

Wannan darasi ba sabo ba ne. A Amurka, a gandun dajin Glacier, cikin dare guda a Agusta 1967, beyar biyu dabam dabam suka kashe 'yan mata biyu a wurare biyu, kowacce mai shekara 19. Da aka bincika, aka ga dabbobin sun saba da cin sharar masu yawon buɗe ido. Bayan wannan aka shiga rufe jujin da su ke cikin manyan gandayen ƙasar, aka hana ciyar da beyar da ƙarfin doka.

Na kan yi tunanin abin da Ishaya ya gani a sura 11, ranar da saniya da beyar za su yi kiwo tare. Muna sa zuciya ga wannan rana. Amma ba ta zo ba tukuna, mai miƙa tuffa ta tagar mota kuwa yana yi kamar ta riga ta zo. Ba ƙauna ya ke nuna wa dabbar ba, gama beyar da ta saba da hannun mutum, ƙarshenta harsashi ne.

Ba duk laifin masu jefa abinci ba ne. Ana saran kurmi, ana gina hanyoyi da gidajen hutu a inda dā ba kowa. Ƙauyuka kuma suna zama kango. A 1990 mutanen Romaniya sun wuce miliyan 23, a ƙidayar 2021 wajen miliyan 19 suka rage, gama matasa da yawa sun tafi neman aiki Italiya da Sifen da Jamus. An bar tsofaffi da lambunan tuffa da ba mai tsinka, ciyawa ta rufe gonakin da dā su ke tsakanin gida da kurmi. A Fitowa sura 23 Ubangiji ya faɗa wa Isra'ila dalilin da ba zai kori mazaunan Kan'ana cikin shekara guda ba, watau kada ƙasar ta zama kufai namomin jeji su yi musu yawa. Mu da matasanmu su ke barin ƙauye suna tafiya birni, ya kamata mu karanta wannan aya a hankali.

Akwai wani ƙaramin gari mai suna Baile Tushnad, a gundumar Harghita, wanda mutanensa ba su kai dubu biyu ba. Kurmi ya kewaye shi. Har zuwa 2021 beyar suna yawo a titunansa da dare, suna fasa shaguna da ɗakunan girki. Hukumar garin ta haɗa kai da masana da ƙungiyar kare halittu ta WWF, suka yi aikin da ba shi da daɗin labari. Suka kewaye gidaje da otal-otal da shingen waya mai lantarki, irin wanda ya ke girgiza dabba ba ya kashe ta. Suka sauya mazuban shara da irin waɗanda beyar ba ta iya buɗewa. Suka kawar da itatuwa masu 'ya'ya daga filayen gari, suka kafa ƙungiyar da za a kira kowane lokaci in an ga beyar, suka bi gida gida suna koya wa mutane abin da za su yi da abin da za su bari. Cikin shekara biyu koke-koken ɓarna suka ragu ƙwarai. Beyar ɗin suna nan a kurmin da ya ke bayan gari, abin da ya ke jawo su ne aka ɗauke.

Ba zan ce wannan zai yi a ko'ina ba. Gari ne ƙarami mai samun kuɗin baƙi, ya kuma sami masu taimako. Tsohuwar da ta ke zaune ita kaɗai a ƙarshen ƙauye da saniya guda, ba ta da kuɗin waya da batir, makiyayi kuma ba zai kewaye dutse guda da shinge ba. In ni a ke tambaya, kuɗin da maharba su ke biya domin harbin beyar, wurin irin waɗannan mutane ya kamata ya fara zuwa, a saya musu shinge da karnuka, a biya su diyya kafin su sayar da sauran dabbobinsu. Wanda zai yi harbin kuma ya zama ma'aikacin da aka aika ga wata beyar da aka sani, ba baƙon da ya zo zaɓen fata ba.

Waɗansu su kan ce, me zai hana a kama su da rai a ajiye? Akwai wurin haka kusa da garin Zarneshti, gandu mai shinge da aka buɗe a 2005, tun asali domin beyar da aka ƙwato daga kejin gidajen abinci da na masu wasa da dabbobi. Yana riƙe da sama da 100, kowacce kuwa tana iya kai shekara 30 ana ciyar da ita. A kurmin da ya ke waje da shingen akwai sama da 10,000.